Yadda Ake Sauya Na'urar Auna Zafin Inji da Haɗa Wayoyinta

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa, Marwa da Kusiri da ke arewacin Kamaru, direbobi da yawa kan koka cewa mota tana shan mai fiye da kima, tana fitar da baƙin hayaƙi, ko fankar lagireto ta ƙi tashi. Yawanci man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga da ake sayarwa a bakin hanya, ake ɗora wa laifi, alhali sau da dama ƙaramar na'urar da ke auna zafin ruwan inji ce ta lalace, tana shaida wa kwamfutar mota cewa injin bai ɗumama ba, ita kuwa ta yi ta ƙara mai.

Kafin a kwance komai, a tabbatar wace na'ura ake nema, domin tsofaffin motoci irin su Toyota Corolla suna da guda biyu kusa da gidan tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi. Mai waya biyu ce ke aika saƙo ga kwamfuta. Mai waya ɗaya kuwa allurar dashbod kawai take motsawa. Sannan a cire soket ɗin mai waya biyun, a gwada na'urar da mitar auna lantarki. A yawancin motoci, idan zafi yana digiri 20 mita za ta nuna om 2,000 zuwa 3,000 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), idan ya kai digiri 80 kuma adadin ya sauko zuwa wajen om 300. Na'urar da lissafinta ba ya motsi ta mutu. Sabuwar ma a gwada ta tun a shago, domin kayan jabu sun cika kasuwa.

Sai injin ya huce sarai ake fara aiki, saboda ruwan lagireto mai zafi yana ƙona fata. A cire wayar batir ta ɓangaren baƙi, a rage ruwan lagireto a mazubi mai tsabta har ya yi ƙasa da wurin na'urar, a kwance tsohuwar da dogon soket na kwance noti, wanda a Toyota yawanci lamba 19 ne. Sabuwar kuma da hannu ake fara murɗa ta tare da sabuwar wosha, sannan a ɗaure da sifana daidai wa daida, domin tagulla ce kuma mazauninta galibi alminiyam ne, ba sa jure ƙarfi. Mai waya ɗaya ba a naɗa mata farin tef na masu famfo, tunda ta jikin inji wutarta ke komawa.

Wurin haɗa waya ne aka fi ɓata aikin. Zafin inji da ƙurar hunturu suna busar da soket har ya farfashe, sai wasu makanikai su murɗe wayoyi biyu su naɗe da salatif. Wannan haɗi yana kwancewa a hanya mai ramuka, kuma tsatsar da ke shiga cikinsa tana ƙara adadin om, sai kwamfuta ta ɗauka injin ya fi sanyi, matsalar ta dawo kamar ba a sauya komai ba. Abin da ya dace shi ne a yanke wayar har inda take da laushi, a zura robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, a liƙe sabon soket da dalma, a rufe kowace waya daban, sannan a ɗaure su nesa da bututun hayaƙi. A mai waya biyu babu damuwa ko wace waya ta shiga wane ɓangare.

Bayan an mayar da batir, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a auna soket kafin a jona shi: ɗaya daga cikin wayoyin ya kamata ta nuna bolt 5. Idan babu, laifin yana kan waya ko kwamfuta. Daga nan a jona soket, a cika ruwa, a tayar da inji murfin lagireto a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa, sannan a rufe, a jira fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya. Idan fitilar gargaɗin inji da ke dashbod ba ta mutu ba, a je wurin mai na'urar bincike ya duba lambobin matsala P0115 zuwa P0118 ya goge su.