Yadda za ku rage kiran baƙin lambobi a WhatsApp

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Shekaranjiya da misalin ƙarfe biyu na dare wata lambar ƙasar waje ta kira ni har sau uku, ga hoton wata baturiya, sai kuma saƙo wai za a biya ni kuɗi in riƙa danna alamar so a bidiyoyi. Na san da yawanku an yi muku haka.

Tun 2023 WhatsApp ya kawo maganin wannan. Ku shiga saiti, ku nemi inda aka rubuta Privacy, sannan Calls, ku kunna hana ƙarar kiran baƙuwar lamba. Wayar ba za ta yi ƙara ba, amma za ku ga kiran a jeri, idan ɗan uwa ne ya canza layi sai ku bi shi. A cikin Privacy ɗin dai ku gyara batun guruf, ya zama waɗanda ke cikin wayarku ne kaɗai za su iya jefa ku.

In kun toshe lamba, ku haɗa da kai ƙara, domin ana tura wa kamfanin saƙonninta biyar na ƙarshe.

Lambobi shida na tabbatar da asusun WhatsApp da ke shigowa ta tes kuwa, ko da sunan yayanku aka tambaya kada ku bayar. Da su ake ƙwace asusun mutum. Don Allah a duba wayoyin iyayenmu mata a saita musu yau.