Ku duba rubutun jikin rele kafin ku ɗaura

Salamu alaikum ƴan uwa masu aikin kuran da sola a Tawa. Ƙaramin rele ɗin nan mai shuɗin jiki, wato makunnin da kuran ke kunnawa da kashewa, za ku ga an rubuta masa 10A 250VAC, a ƙasa kuma 10A 30VDC. VAC na kuran irin na gida ne, VDC kuwa na batiri. Wannan ƙarfin bakinsa ne, wato ƙarafunan da ke haɗuwa su ba kuran hanya. 12VDC ɗin da ke gefe na naɗin wayar da ke jan bakin ne, kada a rikita su.

Me ya sa 250 ta faɗo 30? Kuran gida na 220 yana sauka sifiri sau 100 a daƙiƙa, tartsatsin da ya tashi wajen buɗewa sai ya mutu da kansa. Na batiri kuwa ba ya sauka, sai ya yi ta ci har bakin ya yi baƙi ko ya manne. Don haka mai batiri 48V, wallahi wannan ba naka ba ne.

Sannan 10A ɗin na kaya irin rusho ne. Famfon forasi da firigo suna jan ninki 5 ko fiye na kuran da suka saba ja, lokacin tashi. Ku sa musu kontakta, wato babban rele mai ɗaukar kaya masu nauyi, rele ya riƙa kunna ta kawai.