Yadda za ka san ƙirjinka da tsokokinsa ta amfani da yatsun hannunka

Ɗaliban likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da masu koyon aikin jinya a nan Zariya, sukan sha wuya wajen haddace sunayen sassan ƙirji, saboda yawancinsu daga Latin da Girkanci suka fito, kuma a zane ake fara ganinsu. A ganina, wanda ya fara lalubo su a jikinsa ya fi saurin riƙe su. Wanda ba ɗalibi ba ma yana da riba a ciki, domin ranar da ya je gaban likita zai nuna ainihin wurin da ke masa ciwo, maimakon ya shafa ƙirji gaba ɗaya ya ce nan ne.

Ka tuɓe riga, ka zauna a miƙe gaban madubi. Sa yatsa a ɗan ramin nan da ke gindin wuya ta gaba. Nan ne bakin ƙashin ƙirji, wanda likitoci ke kira sitanum. Kashi uku ne: na sama mai faɗi shi ne manubiriyam, sai gangar jikinsa, sai ɗan tsinin ƙasa a ƙahon zuci, wato zifoyid. Gangara da yatsa a hankali kamar santimita 5, za ka ji wani ɗan tudu a gicciye. Wannan ita ce kusurwar sitanum, kuma kada ka wuce sai ka tabbata ka same ta, don duk lissafin da zai biyo baya a kanta ya dogara. Daidai wannan layin ne, can ciki, bututun iska ke rabuwa biyu zuwa huhun dama da na hagu.

Daga kan tudun, zame yatsa zuwa gefe. Abin da ka taɓa shi ne guringuntsin haƙarƙari na 2. Ba a fara ƙirga daga na 1, saboda ya ɓuya ƙarƙashin ƙashin da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa, kilabikul. Ramin da ke ƙasa da haƙarƙari na 2 shi ne tsakani na 2, haka za ka yi ta sauka. Ka riƙa karkata zuwa waje kana sauka, domin kusa da sitanum haƙarƙarin sun matse juna, sai lissafi ya rikice. Haƙarƙari 12 ne a kowane gefe, 24 ke nan, namiji da mace duk ɗaya. Bakwai na sama kowanne ya haɗe da sitanum da guringuntsinsa, na 8 zuwa na 10 sun rataya ne a guringuntsin na samansu, na 11 da na 12 kuwa ba su iso gaba ba sam.

Idan ka kai tsakani na 5 a hagu, ka tsaya a layin da ya sauko daga tsakiyar kilabikul. Ɗora tafin hannu, ka ɗan sunkuya gaba. Yawanci nan ake jin bugun tsinin zuciya, ƙasa kaɗan da kan nono ga namiji. Mai jiki ba lallai ya ji ba, kuma wannan ba cuta ba ce.

Sai tsokoki. Haɗa tafin hannuwanka a gaban ƙirji ka matsa su da ƙarfi. Naman da ya taso shi ne fektoralis meja. Shimfiɗe take kamar mafici: faɗinta ya kama kilabikul da sitanum da guringuntsin haƙarƙari shida na sama, ta tsuke ta manne a saman ƙashin damtse. Ka kama naman gaban hammatarka da yatsu biyu, gefenta ne ka riƙe. Aikinta jawo hannu zuwa jiki da murɗa shi ciki, shi ya sa mai turin baro a kasuwar Sabon Gari da mai ɗaga ƙarfe duk a nan suke jin gajiya. Tsokar hannu ce da ta zauna a ƙirji, don haka idan ita ce ta ji ciwo, motsa hannu ne ke tayar da zafin. A ƙarƙashinta akwai ƙaramarta, fektoralis maina, daga haƙarƙari na 3 zuwa na 5 ta haura ta kama allon kafaɗa. Ita ba ta laluɓuwa da sauƙi, ka san tana nan ka wuce.

Yanzu ka tsaya ka tura bango da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ka sa a gefen ƙirji ƙasa da hammata. Wadda ta ɗaure ita ce seratus antiriya, mai tasowa daga haƙarƙari takwas ko tara na sama ta zagaya ta riƙe allon kafaɗa. Ita ke tura kafaɗa gaba idan ɗan dambe ya kai naushi, kuma a jikin 'yan dambe ana ganinta layi-layi. Jijiya guda ce ke ba ta umarni. Idan jijiyar ta samu rauni, kamar yadda kan faru wani lokaci bayan tiyatar nono, sai allon kafaɗa ya riƙa bulluƙowa ta baya duk sanda aka tura abu.

Na numfashi su suka fi muhimmanci, ko da yake ido ba ya ganinsu. Sa hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, ka ja iska. Cikin da ya taso aikin dayafaram ne, tsokar da ta raba ƙirji da ciki, kuma ita ke ɗaukar mafi yawan aikin shaƙar iska. Shaƙuwa ma fizgarta ce. Jijiyarta daga wuya ta sauko, abin da ya sa matsala a ƙarƙashin dayafaram kan aika ciwo saman kafaɗa. Buɗewar haƙarƙari kuma aikin intakostal ne, tsokoki hawa uku da suka cike tsakani 11 na kowane gefe. Ɗalibi ya riƙe wannan da kyau: hanyoyin jini da jijiya suna bin ƙasan kowane haƙarƙari, don haka ana soka allura ne ta saman haƙarƙarin da ke ƙasa.

Idan ciwo ya zo, ka gaya wa likita abu huɗu: inda yake, ko dannawa na ƙara shi, ko motsa hannu ko jan numfashi na tayar da shi, da inda yake yaɗuwa. Ciwon da yatsa ɗaya ke nunawa a gefen sitanum, mai ƙaruwa da dannawa, sau da yawa kumburin guringuntsi ne. Amma ina roƙonka kada ka yanke wa kanka hukunci da wannan. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, da gumi, da haki, da ciwo mai gangarowa hannun hagu ko hawa muƙamuƙi, ba na shafa man zafi ba ne. A nufi sashen gaggawa nan take, ko asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, duk wanda ya fi kusa. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, ko da a tsakiyar hunturu ne, a je a gwada majina. Cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana Saye, nan kusa da gari.