Darasi Na 9: Neman Masauki Da Wurin Cin Abinci In An Shiga Birni

Iyayena da yayyena, darasin yau karatu ne da lissafi a haɗe, a kan abin da ke cin kuɗin mutum in ya taso daga Kamba ko Jega ko Zuru ya nufi Birnin Kebbi don ya ɗan huta da iyali, ko ya wuce Argungu kallon kamun kifi. Mu dai mun saba sauka gidan dangi, toh amma ba ko'ina ake da dangi ba, kuma ko akwai, ka kwaso mata da yara huɗu ka sauke wa ɗan'uwa mai ɗaki biyu ai ka ɗora mishi nauyi ne, kunya ce kawai za ta hana shi magana.

Abu na farko shi ne lokacin tafiya. Bikin Argungu tun 1934 aka faro shi, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa, shi ya sa in ana yi mutane ke zuwa daga ko'ina har da Nijar, ɗakuna su cika, kuɗinsu ya tashi. Galibi wajen Fabrairu ko Maris ake yi, kuma ba kowace shekara ba, sai a saurari sanarwa a rediyo. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya kwana Birnin Kebbi ya yi sammako, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. In kuma ganin gari kawai ake so a je lokacin da ba biki, gidan tarihi na Kanta da ke Argungu yana nan kullum, tsohuwar fada ce da aka gina a 1831 aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, yara za su ga kayan yaƙin Kabawa ba tare da an tattake su a turmutsitsi ba.

Yanzu otal. Kar ka biya ko sisi sai ka ga ɗakin da idonka, ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne. Ka ce "Ranka ya daɗe, a ɗan nuna min ɗakin tukuna", in ka shiga ka murɗa famfo ka ga ruwa na zuwa, ka leƙa banɗaki, ka ɗaga zanen gado, ka gwada sakatar ƙofa daga ciki. Sannan ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ƙasar nan tamu, wato in NEPA sun ɗauke wuta ƙarfe nawa ake tada janareta ƙarfe nawa ake kashewa, ko kuwa sola gare su, don daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ka biya kuɗin ɗaki mai esi a kashe inji ƙarfe 12 na dare ka kwana kana fifita da kwali, ka ga kuɗin esi ɗin ya tafi a banza kenan. A ganina ɗaki mai fanka da wutar sola har safe ya fi mai esi da ba tabbas. Kuma ku tuna garuruwan nan a bakin fadamar gulbin Kabi suke inda ake noman shinkafa, sauro ba ya wasa, a duba ragar taga, a taho da gidan sauro daga gida musamman saboda yara da masu juna biyu.

Araha ba ta ado, ga misali mu lissafa tare, kuɗin na koyo ne ba farashin wani otal ba. Ɗaki a cikin gari naira 12,000, wani a bayan gari naira 9,000. Na bayan garin kowace fita a keke napep naira 800, ku fita da safe ku dawo, ku fita neman abincin dare ku dawo, sau 4 kenan, 3,200. Haɗa da 9,000 ya zama 12,200. Wanne ya fi sauƙi? Ban da wahalar tsayuwa bakin titi da daddare da goyo.

A nan ne karatun da kuke koyo zai yi muku rana. Wasu otal suna ƙara harajin VAT, kashi 7.5 cikin 100 ne tun 2020, wato a kan naira 10,000 za a ƙara 750, saboda haka tambaya za ka yi, kuɗin da aka faɗa har da haraji ko ban da shi. Ka karɓi rasit ka duba abu uku, kwanan wata da lambar ɗaki da adadin kwana. Yawanci ƙarfe 12 na rana ake barin ɗaki ko da tsakar dare ka shigo, in ka zarce sai a ce ka shiga wani kwanan, mutane da yawa a nan suke rigima. A riƙe katin ɗan ƙasa don ana tambaya wajen rubuta suna. In ka biya ta POS ko tiransifa ka ajiye takardar ko saƙon, sannan dan Allah kar a tura kuɗin kama ɗaki ga wata lamba da aka gani a Facebook, hoto kowa na iya ɗora shi. Ɗan kabu-kabu a tasha zai ce ya san wuri mai kyau, wani da gaske yake, wani kamasho yake nema, ka gode mishi amma ka duba wuri biyu kafin ka zaɓa.

Abinci kuwa na cikin otal ya fi tsada kusan kullum. Da safe mai shayi ko mai koko da ƙosai sun wadatar. Da rana ka lura da inda direbobi da ma'aikata ke cika, inda ake layi tukunya ba ta kwana, tuwon shinkafa da miyar kuka ko shinkafa da wake da zafinsu za ka samu. Ka kalli inda ake wanke kwanuka da ko an rufe abincin daga ƙuda, in ruwan wanke-wanken ya yi baƙi ka wuce gaba abinka. Ka tambayi kuɗi kafin a zuba, "Hajiya nawa ne kwano, naman ɗaya nawa", don nama da kifi su ke kumbura lissafi, kifi ma in baƙo ne kai sai ka yi ciniki sosai, giwan ruwa ba kuɗinsu ɗaya da tarwaɗa ba. Fura a dama maka a gabanka da fiya wata da ka saya da hannunka, gudawa a baƙon wuri ba daɗi.

Aikin gida. A rubuta tambayoyi 3 da za ka yi wa mai otal kafin ka biya. Sai a lissafa wannan, magidanci ya taho da naira 60,000, mota zuwa da dawowa 14,000, ɗaki kwana 2 a kan 12,000 kowane kwana, abinci 6,000 kullum har kwana 3, nawa ya rage mishi na tsaraba? Wanda yake da tsohon rasit a gida, ko na asibiti ne ko na makarantar yara, ya taho da shi aji mai zuwa mu karanta tare.