Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Fahimtar Binciken Tsirrai Kan Rigakafin Ciwon Daji

A Kano yanzu da wuya mako ya wuce ba a turo wa mutum saƙo a WhatsApp ba cewa bincike ya tabbatar zogale ko kurkur ko habbatus sauda na hana ciwon daji. Sau da yawa an yi binciken da gaske, fassarar da ake yi masa ce take buƙatar gyara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar sakamakon ɗakin gwaji a matsayin hujja a kan jikin mutum. Sinadarin curcumin da ke cikin kurkur yana kashe ƙwayoyin cutar daji a kwanon gwaji, amma hanji ba ya tsotse shi sosai, ɗan abin da ya shiga jini kuma hanta tana saurin kawar da shi. Duk wanda aka kawo wa irin wannan labari ya tambaya: a kan wa aka gwada, ƙwayoyin halitta ko ɓeraye ko mutane, kuma mutum nawa, tsawon shekara nawa?

Akwai kuma zaton cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa ko da an sha da yawa. A ƙasar Finlan an gwada ƙwayar beta-carotene, sinadarin da ke ba karas launinsa, a binciken da ya haɗa maza masu shan sigari kimanin 29,000, sai sakamakon 1994 ya nuna ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Cin karas da zogale a abinci daban, haɗiye sinadarinsu da aka tace daban.

Wanda ya fi sosa mini rai shi ne rashin bambance rigakafi da magani. Mace za ta ji ƙullutu a nononta, a ce ta sha jiƙo, ta yi wata shida tana shafa garin saiwa, ba za a kai ta asibiti ba sai wurin ya fashe. Gaskiya ne magungunan ciwon daji irin su vincristine da paclitaxel daga tsirrai aka samo su, amma likita ne yake auna su a jijiya bayan gwajin shekaru. Ƙullutu ko zubar jinin da ba a saba ba, a nufi asibiti irin na Malam Aminu Kano tun da wuri.

Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kwalbar maganin gargajiya ma ba shaida ba ce cewa yana hana ciwon daji.

Sannan ana mantawa da rigakafin da aka riga aka tabbatar. Gyada da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar aflatoxin mai jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, ciwon da yake da allurar rigakafi. Tun 2023 kuma ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta a Najeriya.