Yadda za ka gane kalmar ignominy, ka kuma yi amfani da ita daidai

Ɗalibai da yawa a Katsina masu shirin WAEC da JAMB suna fassara ignominy da "kunya", kuma daga nan kuskuren yake farawa. A garin da ake yi wa mutanensa kirari da "kunya gare ku ba dai tsoro ba", kunya ado ce. Ignominy kuwa tozarci ne a bainar jama'a, irin wanda ke zubar da mutunci har a ce sunan wane ya ɓaci.

Fara da raba kalmar gida biyu. Asalinta ignominia ce a harshen Latin: in, wato "babu", da nomen, wato "suna". Ta biyo ta Faransanci, ta shiga Turanci a ƙarni na 16. A tsohuwar daular Rum akwai jami'ai biyu masu ƙidayar jama'a, waɗanda akan zaɓa kusan duk shekara 5. In suka samu ɗan majalisa da abin assha, sai su sa alama a gefen sunansa cikin rajista, suna ma iya cire shi daga majalisar. Ba ɗauri, ba bulala, amma kowa ya ji. Wannan tabon shi ne ignominia.

Sai furuci. Gaɓa huɗu ce, nauyin yana kan ta farko: IG-no-mi-ni. A sifarta, ignominious, nauyin ya koma gaɓa ta uku: ig-no-MI-ni-yas. Wajen rubutu ana yawan juya haruffa a rubuta "ignonimy". Ka tuna nomen, n ke zuwa kafin m. Kada kuma ka haɗa ta da ignorance, wannan jahilci ne, tushensa daban.

Kafin ka sa ta a jimla, tambayi kanka abu biyu: mutumin yana da martabar da zai rasa, kuma jama'a sun gani? Hakimin da aka tuɓe wa rawani saboda cin amana, ko limamin da aka kama da kuɗin masallaci, sun cika sharuɗɗan. Yaron da ya yi tuntuɓe a gaban surukan yayansa bai cika ba, kalmar ta yi masa nauyi ƙwarai. Yawanci of ke biyo ta, kamar the ignominy of defeat, wato tozarcin shan kaye, kuma ba kasafai ake yi mata jam'i ba.