Darasi na 7: Duba Man Birki

Karatunmu na yau kalmomi uku ne, kuma a jikin mota aka rubuta su: MIN, MAX da DOT.

Ka tsayar da mota a wuri mai bai ɗaya, ka kashe inji, ka ɗaga bonet. Ta ɓangaren direba, kusa da gilashin gaba, akwai wata 'yar farar roba mai murfi. A nan man birki yake. Ba sai ka buɗe ta ba, ana hango man daga waje. Layin sama shi ne MAX, iyakar cika ke nan. Na ƙasa MIN. Man ya tsaya tsakaninsu.

To, idan ya kusa MIN fa? Kada ka yi gaggawar ƙarawa. Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu, ko dai fad ɗin birki, wato abin da ke matsewa ya tsayar da taya, ya cinye, ko kuma wani wuri na yoyo. Leƙa bayan tayoyi da ƙasan inda motar ta kwana. Ka ga danshin mai? Motar nan ba ta hawa titi sai makanike ya gan ta.

A kan murfin za ka ga DOT 3 ko DOT 4, wato lambar nau'in man. Abin da aka rubuta shi za ka saya, a gora mai hatimi. Masu kayan gyara a kasuwar Panteka ta Kaduna sun san shi, amma kai ma karanta lambar da idonka kafin ka biya. Goge murfin da tsumma kafin ka buɗe, don kada ƙura ta shiga. In man ya ɗiga a jikin mota, wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Wasu direbobi kan zuba ruwan sabulu idan mai ya ƙare musu a hanya. Wannan ganganci ne. Birki na ɗaukar zafi sosai, ruwan sai ya tafasa ya zama tururi, ka taka feda ta nutse har ƙasa, motar kuma tana tafiya. Ka ɗauka hakan ta same ka a cunkoson Kawo, ga Keke Napep a gabanka. Shi kansa man kirki yana shan danshin iska a hankali, balle da damina irin ta Kaduna. Shi ya sa ake sauya shi duk bayan kamar shekara 2, ko da bai ragu ba. Sabo ruwan zuma-zuma ne. In ya yi baƙi, ya gaji.

Feda mai laushi kamar soso alamar iska ce a cikin layin, makanike zai fitar da ita. Ƙarar ƙarfe idan ka taka, fad ne ya ƙare.

Aiki: Duba murfin man birkin wata mota, da izinin mai ita. Rubuta lambar DOT ɗin a littafinka, ka kawo gobe.